Ɗaya ba marar tarbiyya ba ne, ɗayan kuma ba jahili ba ne

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je ɗaurin auren 'yar wani abokina, an shafa fatiha muna zaune ƙarƙashin rumfa ana jiran a fito da abinci, sai magana ta tashi tsakanin wani dattijo ɗan kasuwa da ɗan ƙaninsa marigayi. Ƙanwar saurayin ce ta samu gurbin karatun aikin jinya a wani gari, kuma dole sai ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai. Dattijon ya ce shi kam bai yarda ba.

Saurayin ya rage murya ya ce, "Baffa ka yi haƙuri, in ba mu bar irinsu sun karanta ba, wa zai karɓi haihuwar matanmu a asibiti?" Baffan ya gyara zaman hularsa ya ce, "Kai yaro ne. Amanar ubanku ce a wuyana, in wani abu ya samu yarinyar nan ni za a tambaya, a nan duniya da gobe ƙiyama."

Har nan ba abin da ya dame ni. Abin da ya ɓata min rai shi ne abin da kowannensu ya faɗa bayan sun rabu. Baffa yana tafiya wajen mota yana ce wa sa'o'insa boko ta cinye yaron nan, ba sauran tarbiyya a tare da shi. Shi kuma saurayin ya juya wajen abokansa yana cewa irin su Baffa ne suka hana Arewa ci gaba, jahilci ne kawai ba wani abu ba.

Wallahi duka biyun ba su faɗi gaskiya a kan juna ba. Yaron da ya kawo maganar matan da ke mutuwa wajen haihuwa ba marar tarbiyya ba ne, tausayi ne ya sa shi magana. Dattijon da ya riƙe marayun ƙaninsa shekara da shekaru ba jahili ba ne, amana ce take cin sa.

Matsayina ke nan tun daga farko: mai son sauyi da mai ra'ayin riƙau kowannensu akwai wani abu mai daraja da yake tsoron a rasa, kuma duk wanda ya ce ɗaya ɓangaren ba shi da ɗabi'a ko ba shi da hankali to ya gudu daga muhawara ne. Amma fa ban ce kowa na da gaskiya a kan kowace magana ba. Ina da ma'aunina, kuma zan zo kansa.

Me kowa yake karewa?

Wannan rabuwa ta hagu da dama da muke ji a rediyo daga majalisar Faransa ta samo asali a 1789, masu goyon bayan sarki suka zauna a dama, masu son a rushe tsohon tsari suka zauna a hagu. Shekara ɗaya bayan nan wani ɗan majalisar Ingila mai suna Edmund Burke ya fito yana gargaɗi cewa abin da kakanni suka gina a hankali cikin ɗaruruwan shekaru akwai hikima a cikinsa ko da kai ba ka gane ta ba, kar ka rushe da rana ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma John Stuart Mill a 1859 ya ce ba wanda yake da ikon tilasta wa baligi mai hankali sai in abin da yake yi zai cutar da wani. Kusan duk rigimar da ake yi har yau tsakanin waɗannan maganganu biyu take yawo.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Jonathan Haidt, shi da abokan aikinsa sun yi shekaru suna tambayar mutane me ke sa su ce abu kaza daidai ne ko ba daidai ba ne. Suka tattara amsoshin a kan abu shida: tausayi, adalci, 'yanci, riƙon amanar naka, girmama na gaba, sai tsarki, wato ganin cewa akwai abin da ba a taɓawa kuma ba a sayarwa ko da ba wanda zai ji ciwo. Abin da suka gano shi ne masu sassaucin ra'ayi sun fi jingina da tausayi da adalci, sauran ba su cika ba su nauyi ba, su kuma masu ra'ayin riƙau kusan duka suke ɗauka da nauyi. Kayan dai ɗaya ne, awon ne ya bambanta.

Ko adalcin ma ba fassara ɗaya suke masa ba. Wani in ya ce adalci yana nufin a raba kowa ya samu, kar wani ya kwana da yunwa wani yana zubar da abinci. Wani kuma in ya ce adalci yana nufin kowa ya girbi abin da ya shuka, kar a ƙwace wa mai ƙoƙari a ba wa wanda ya kwanta. Ka je kowace majalisa a Kano ko Zariya ko Maraɗi ka tada maganar rabon tallafi, za ka ji duka biyun kafin shayi ya huce.

Ban ɗauki binciken nan a matsayin wahayi ba, don mafi yawan waɗanda suka amsa tambayoyin Turawa ne masu intanet. Amma ka duba maganar Baffa da ɗansa, ɗaya ya yi magana da tausayi ɗaya ya yi magana da amana da tsare mutunci, ba su taɓa jin sunan Haidt ba.

"Wannan duk maganar Turawa ce, mu addini muke da shi"

Wannan ce magana ta farko da za a jefo min, kuma na san masu faɗinta da kyakkyawar niyya suke faɗa. Amsata ita ce tarihinmu na kusa-kusa.

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. 'Yan NEPU suna cewa Sawaba, 'yan NPC suna cewa Salama. Duka Musulmi ne mafi yawansu, sahu ɗaya suke bi a masallaci ɗaya, amma sun yi shekara goma sha biyar suna gwabzawa har da ɗauri da bulala da kora daga gari. Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne, mai tafsirin Alƙur'ani ne, Sa'adu Zungur ma haka malami ne ɗan malamai. Sardauna kuma jinin Shehu Usmanu ne. Kowane ɓangare da Shehu yake kafa hujja. 'Yan NPC suna cewa wannan daula gadon Shehu ce, in aka raina sarakuna komai zai watse, 'yan Kudu da suka riga mu boko su mamaye mu. 'Yan NEPU suna cewa Shehun da kuke faɗa ai shi ne ya rubuta yana sukar jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, to me ya sa har yanzu ake karɓa?

To ka ga addini ɗaya, littattafai ɗaya, amma wani ayoyin ɗa'a ga shugabanni da gudun fitina suka fi tsaya masa a rai, wani kuma ayoyin tsayar da adalci da hana zalunci. Addini ya ba mu iyaka da alƙibla, wannan ba musu, amma bai hana mutum biyu masu tsoron Allah su saɓa a kan wanne za a fara gabatarwa ba in maslaha biyu suka ci karo.

Ni a gidan 'yan NEPU na tashi. Kakana ya sha ba mu labarin lokacin haraji, yadda dogarai da yaran dagaci za su shigo gari, wanda bai biya ba a zaunar da shi a rana tsakar fada tun hantsi har azahar, ba ruwa ba inuwa, 'ya'yansa suna leƙe ta bayan danga, matarsa tana yawo gida-gida da akuya ɗaya tilo tana neman mai saye a kan kowane farashi. Ya ce ranar da ya ga an yi wa maƙwabcinsa haka, mutumin da yake jan su sallah in liman ba ya nan, ranar ya karɓi katin NEPU. Ba littafin wani Bature ya karanta ba. Da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna, tsohon nan kuka ya yi.

Amma shi wannan kakan nawa har ya koma ga Allah bai taɓa zagin Sardauna ba. Yakan ce mutumin nan ya yi mana jami'a a Zariya a 1962, ya yi Bankin Arewa, ya yi masaƙa a Kaduna, ya ɗebi 'ya'yan talakawa ya tura soja da aikin gwamnati, kuma ya mutu bai bar dukiya ba. Kuma kar a manta gwamnatin Sardaunan nan da ake cewa ta sarakuna ce, ita ce ta sa Sarkin Kano Sanusi na ɗaya ya yi murabus a 1963 ya koma Azare. Mutane ba sa shiga akwati yadda muke so su shiga.

"To ai ka zama ɗan ba-ruwanmu, kowa ka ba shi gaskiya"

A'a. Ga ma'aunina: duk wata ɗabi'a da ake karewa, ka duba wa ke biyan kuɗinta. In kullum mai rauni ne yake biya, mai ƙarfi kuma shi ke cin riba, to wannan ɗabi'ar sai ta zo ta kare kanta, ba za a ce mana kawai haka muka gada ba. In kuma sauyi aka kawo, shi ma tambaya ɗaya ce, wa zai kwana da yunwa in abin bai yi ba, mai kawo sauyin ko wanda aka yi gwajin a kansa?

Da wannan ma'aunin nake cewa a maganar zaɓen mata 'yan NEPU ne suke da gaskiya. Matan Kudu sun yi zaɓen 1959, matan Arewa kuwa sai 1976 aka ba su dama, NPC ta tsaya kai da fata cewa lokaci bai yi ba kuma zai ɓata tarbiyya. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana. Yau ka je rumfar zaɓe ka ga layin mata da hijabansu ya fi na maza tsawo, malamai da kansu suke hawa mumbari suna cewa mata su fito su yanki kati. Ina ɓacin tarbiyyar da aka ji tsoro? Bai zo ba. An hana su haƙƙinsu kusan shekara ashirin a kan tsoron da ba shi da tushe.

Haka maganar rufin asiri. Rufin asiri abu ne mai kyau, ni ma ina roƙon Allah ya rufa min nawa. Amma in aka yi wa yarinya ƙarama fyaɗe sai manyan unguwa su taru a zauren mai unguwa a ce a rufa asiri a yi sulhu don wanda ya yi ɗan gidan mutunci ne, asirin wa aka rufa? Yarinyar kowa ya riga ya sani, ita za a riƙa nunawa da baki har ranar aurenta. Asirin mai laifi aka rufa, ita kuma ta biya. Haka haƙuri, in kullum matar da aka fasa wa baki ake ce wa ta yi haƙuri ta koma, shi mijin ba wanda ya kira shi ya zaunar, to wannan ba haƙuri ake koyarwa ba. Biyayya ma in ta zama daga ƙasa zuwa sama kawai take tafiya, na sama ba a tambayarsa nasa nauyin, ta tashi daga abin da addini ya ce. A waɗannan wuraren ina tare da masu son sauyi ɗari bisa ɗari, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Inda 'yan mazan jiya suka fi mu gani

Sai dai mu masu son sauyi akwai abin da ba ma so mu ji, kuma dole a faɗa mana.

Na farko, abubuwan nan da wasunmu suke yi wa kallon tsohon yayi, zumunci da kunya da girmama manya da tsoron abin da za a ce, su ne inshorar talaka a ƙasar da gwamnati ba ta san da zamansa ba. A unguwarmu in mutum ya kwanta asibiti, bayan sallar asuba ladan zai miƙe ya ce jama'a a ɗan dakata, a shimfiɗa rawani ko a zagaya da hula, wani ya sa ɗari biyu wani dubu, mai shago ya ce a rubuta masa biyar zai kawo da hantsi, wani yaro ya rubuta sunaye a littafin makaranta, kafin azahar an biya kuɗin aiki. Matar da aka saka tana da ɗakin da za ta koma a gidan wanta. Maraya yana da Baffa. Me ke sa mutum ya ɗauki 'ya'yan ƙaninsa shida ya haɗa da nasa takwas a wannan tsadar? Amana ce da kunya da tsoron Allah, su ɗin nan dai da suka sa Baffa ya ce bai yarda ba. Ba za ka ce kana son ya ci gaba da biyan kuɗin makaranta amma ya daina jin cewa yana da ta cewa ba. In za ka ja da shi ka ja da shi, ni ma ina ganin ya kamata yarinyar ta tafi karatunta, amma ka fara da amsa tsoronsa: wa za ta zauna da shi, wa muka sani a garin, ya tsaron wurin yake, ka ɗauke shi ku je ya gani da idonsa.

Wanda yake cewa "rayuwata ce, ba ruwan kowa" galibi yana da albashi. Ranar da albashin ya tsaya, mutanen da ya ce ba ruwansu su zai nema.

Na biyu, "a bi a hankali" ba tsoro ba ne kullum, wani lokacin tausayi ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai da jimla ɗaya a wajen rantsuwa, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin kwanaki. Kafin nan an yi canjin kuɗi, mutane da kuɗinsu a banki suna kwana a layin ATM, mai tumatir a ƙauye kayansa suna ruɓewa don ba takardar kuɗi a hannun kowa. A 2020 lokacin korona gwamnonin Arewa suka ce sun kawo ƙarshen almajirci, aka riƙa loda yara a motoci ana mayar da su jihohinsu, ba a tanadi makaranta ba ba a tanadi abinci ba, bayan 'yan watanni yaran suka dawo kan titi. Duk waɗannan masu ilimi ne suka zauna a ofis suka ga abin ya yi daidai a takarda. Da an saurari dattijon da zai ce ku tsaya tukuna, wa kuka tambaya, me kuka tanada, da wahalar ba ta kai haka ba.

Na uku kuma shi ne raini. Da yawa daga cikinmu in muna magana da mutanenmu kamar muna jin kunyarsu muke yi, Turanci rabi Hausa rabi, kowace magana sai an ce a ƙasashen da suka ci gaba. Malam Aminu bai yi haka ba. Ya zauna a tabarma da farar riga da jar hula, ya ci abin da suke ci, ya kawo musu hujja daga littafin da suka yarda da shi, shi ya sa dattijon da bai taɓa shiga aji ba ya yarda a ɗaure shi a kan NEPU.

"Masu ra'ayin riƙau na Amurka ai namu ne"

Wannan na sha jinta lokacin zaɓen Amurka na 2024. Mutane suna cewa gara Trump, tunda jam'iyyarsa ba ta son auren jinsi ba ta son zubar da ciki. Gaskiya ne a kan waɗannan biyun akwai kamanni, kotun ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi a 2015, kuma alƙalan da Trump ya naɗa suna cikin waɗanda suka soke hukuncin 1973 na zubar da ciki a 2022. Ko Musulmin can ma abin ya raba musu hankali, a garin Hamtramck na jihar Michigan inda duka 'yan majalisar gari Musulmi ne, sun hana ɗaga tutar 'yan luwaɗi a gine-ginen gwamnati a 2023, magajin garin kuma ya fito ya goyi bayan Trump.

Amma ɗan uwa ka tuna riƙon amanar naka yana da gefe biyu, akwai naka akwai wanda ba naka ba. Mai ra'ayin riƙau na Amurka abin da yake karewa shi ne ƙasarsa da cocinsa da iyakarsa, kuma kai a wajen iyakar kake. Shi ya sa a Janairun 2017 Trump ya hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga, a 2020 kuma ya sa Najeriya cikin waɗanda aka taƙaita wa bizar zama. Su kuma masu sassaucin da suka cika filayen jirgi suna zanga-zangar kare Musulmi a lokacin, su ne dai masu matsa mana a kan dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a 2014, kuma gwamnatinsu ce ta riƙa tura makamai ana ruguza Gaza. Kowanne da inda ya haɗu da mu da inda ya rabu da mu.

Ka ɗauki malaminmu na unguwa ka kai shi can ma ba su san inda za su ajiye shi ba. A kan tarbiyya da iyali ya fi 'yan Rifablikan tsauri, amma ka ji shi a kan riba da ɓoye abinci da haƙƙin talaka a dukiyar mai kuɗi da wajibcin gwamnati ta sauƙaƙa wa mutane, ya wuce 'yan Dimokurat hagu. Don haka ɗauko rigimarsu gaba ɗaya a dasa a nan ɓata lokaci ne.

"'Yan siyasarmu ai ba su da aƙida"

Wannan kam ba zan yi dogon musu ba. Mutumin da ya kwana a PDP ya tashi a APC ya yi azahar a wata, ba hagu yake ba ba dama ba. Tun bayan rigimar santsi da taɓo da ta raba PRP, jam'iyyar Malam Aminu, gida biyu abin yake lalacewa. Amma don jam'iyyu sun zama fanko ba shi ke nuna mutane ma haka suke ba, rigimar tana nan da ranta, ta dai bar ofishin jam'iyya ta koma gidajenmu da masallatai da wayoyinmu.

Ku tuna abin da ya faru a Kano a farkon 2024. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya fito ya nuna rashin jin daɗinsa da yadda 'yan Hisbah suke kama mata da matasa suna jefawa a mota, shugaban Hisbah Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye muƙaminsa, bayan 'yan kwanaki malamai suka shiga tsakani ya dawo. A waɗancan kwanaki abin da aka riƙa rubutawa a Facebook ba ya faɗuwa, wasu sun mayar da gwamna mai goyon bayan baɗala, wasu sun mayar da Hisbah 'yan ta'adda. Alhali in ka cire siyasar da ke ciki, maganar gwamna ita ce ɗan Adam yana da mutunci ko da mai laifi ne, maganar Malam kuma ita ce in aka bar ɓarna ta zama ado a fili yaranmu ne za su ɗauka. Wace ce ƙarya a ciki? Ana iya hana ɓarna ba tare da an ɗaga mace an wurga ta a bayan Hilux ana ɗaukar bidiyo ba. Kuma da ma'aunina sai in ƙara tambaya ɗaya, me ya sa kamen ya fi sauka a kan 'yar talaka da mai askin banza a bakin titi, su kuma manyan wuraren da kowa ya san abin da ake yi a ciki ba a cika jin an shiga ba? In dokar tarbiyya ce to ta hau kowa.

Haka lokacin da Sarki Muhammadu Sanusi na biyu ya kawo maganar dokar iyali a 2017, cewa wanda ba zai iya ciyar da mace ɗaya ba kar ya ƙara ta biyu. Maimakon a zauna a tattauna, sai aka koma wane ɗan boko ne wane kuma ɗan gargajiya ne. Masu adawa suna da tambaya mai ƙarfi: wa zai auna talaucin, ma'aikacin da za a ba cin hanci ya sa hannu? Kuma ba talaka kaɗai dokar za ta kama ba, mai kuɗin da yake auri-saki ya wuce abinsa? Masu goyon baya su ma suna da tasu: yaran da aka haifa aka kasa ciyarwa aka tura birni da roba a hannu suna da shekara shida, su wa ya tambaye su?

A kan yaran nan ni ba na tsaka-tsaki. Karatun allo gado ne mai daraja, daga cikinsa alarammomi da alƙalai da manyan 'yan kasuwarmu suka fito, kuma duk wanda ya ce a rufe tsangayu gaba ɗaya ba zan bi shi ba. Amma bara ba karatu ba ce. Uban da zai kai ɗansa wajen malam ya kai shi da buhun hatsinsa da kuɗin sabulu da na magani, ya riƙa zuwa dubiya, yaron da bai kai ya wanke kayansa da kansa ba ya yi karatunsa a garinsu yana kwana a ɗakin uwarsa. Gwamnati ta san adadin tsangayun da ke kowace ƙaramar hukuma, ta sa su a kasafin ciyarwa yadda take sa makarantun kwana na boko, a shigar da lissafi da sana'a ba tare da an taɓa lokacin hadda ba. Kuma duk zaman da za a yi a kan wannan, alarammomin su zauna a kan tebur tun ranar farko, ba wai a gama rubuta takarda a otal a Abuja sannan a kira su a karanta musu ba.